Masu Dogon Kunne a Tudun Coci

A garinmu Portgarvie akwai kalmomin da ba a faɗa a kan jirgin kamun kifi, ko a bakin tashar jirage lokacin da maza ke shirin fita. Ba a ambaton fasto, sai a ce mai baƙar riga. Ba a ambaton alade, sai a ce mai murɗaɗɗiyar jela. Ɗan dabbar nan kuwa da ke haƙa ramuka a tudu, yana tsalle yana cinye wa mutane kabeji, sunansa mai dogon kunne. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya koya mini wannan, ni ma ban zaunar da 'yata Rhona ba. Da shi muke buɗe ido. Idan bakin wani ya kuɓuce, sai kowa ya kama ƙarfe mai sanyi, jirgin kuma ya zauna a ɗaure har ruwan teku ya janye ya sake cikowa.

A shekarar da nake ba da labari Rhona tana da shekara goma sha shida, tana shirin babbar jarrabawa. Yarinya ce mai kai, kuma mai baki kamar rediyon da makunninsa ya lalace. So take ta tafi Aberdeen karatu, ni kuwa har cikin raina ina so ta tafi, don na gaji da ganin 'yan matan garin nan suna tsufa a rumfar gyaran kifi kamar yadda na tsufa.

Malamarsu ta adabi, Malama Geddes, mutumiyar kirki ce daga can cikin ƙasa inda ba a jin ƙarar teku. Ban taɓa ganin laifinta ba, aikinta take yi. Ta koya musu hanya guda ta amsa tambaya a kan waƙa, ta yi ta dukan ta a kansu har ta zauna: ka ɗauko kalmar da mai waƙa ya zaɓa, ka faɗi abin da take nufi ƙarara ba kwana-kwana, sannan ka faɗi abin da take yi wa zuciyar mai karatu. Wanda ya tsallake na tsakiyar ba shi da maki. Tun sanyin hunturu Rhona ke maimaita wannan, a ɗaki, a bakin murhu, har a banɗaki ina jin ta.

Cikin waƙoƙin da aka ba su akwai ɗaya ta wata mata 'yar gaɓar nan, wadda ta rasu tun ba a haife ni ba. Kowa a Portgarvie ya san ta, tsofaffi suna rera ta suna saƙa, ba mu taɓa sanin abin karatu ba ce sai da muka gan ta a littafi. Ga baitin da aka fi tambaya:

Masu dogon kunne sun huda tudun coci,
ƙofa, ƙofa, babu mai gida.
Teku yana ajiye mana maza,
mu muna ajiye masa yara.

Ina feraye dankali sai ta zo ta tsaya a kaina.

"Mama, tambaye ni. Ki ce, me ya sa ta ce ƙofa, ƙofa."

"Me ya sa ta ce ƙofa, ƙofa?"

"Ƙofa, wato bakin rami. Ta mai da ramukan gidaje, gida kuwa ana sa ran a ga mai shi. A tudun coci akwai duwatsun kabari masu sunaye amma ba kowa a ƙarƙashinsu, don teku bai dawo da gawar ba. Maimaita kalmar yana sa mai karatu ya ji kamar yana bin layi yana ƙwanƙwasawa ba a amsawa. Maki biyu."

"Ɗaya daga duwatsun nan na kakanki ne," na ce. "Shi ne maki biyu?"

"In na rubuta da kyau, uku."

Na jefa mata ɓawon dankali, ta kauce tana dariya. Haka muke da ita.

Ranar Litinin ɗin da abin ya faru, gari ya waye tas, teku a kwance. Mijina Dod Cowie yana da ƙaramin jirgi, su uku ne a ciki: shi, da ƙaninsa Alick, da dattijo Wattie mai kula da inji. Muka gangaro tare da Rhona, ni zan wuce rumfar kifi, ita za ta miƙa musu kwandon abinci kafin motar makaranta ta zo. Tasha cike take da maza, kowa yana kwance igiya.

Alick ne ya fara hango ta. Shi mutum ne da ko a jana'iza sai ya sa wani dariya, kuma duk cikin 'ya'yan dangi Rhona ce tasa.

"Ku matsa, ku matsa, Farfesa ta iso! Farfesa, me aka dafa mana a jami'a yau?"

"Burodi da cuku, Baffa. Daidai kanka."

"Kun ji ta ko? Dod, 'yarka tana zagina da ilimi."

Ta ɗora ƙafa ɗaya a gefen jirgin tana miƙa kwandon. Alick ya hango littafin a jakarta ya zaro, ya buɗe, ya ci karo da waƙar.

"Kai! Wannan ai ita kakarmu ke rerawa tana tsefe mana kai. Wannan ake ba mutum takardar shaida a kanta? Da na sani da tuni ni likita ne." Ya tura hularsa baya, ya matse hanci, ya siranta murya irin ta malamai. "Rhona Cowie, tashi tsaye. Mai waƙar ta ce masu dogon kunne. Yi wa aji bayani."

Ita kuma ta miƙe ƙyam, ta haɗe hannu a baya, tana wasa kamar yadda yake wasa. Amsar ta fito daga bakinta a jere kamar yadda ta saba fitowa a bakin murhuna.

"Masu dogon kunne, wato zomaye. Mai waƙar ta ƙi ambaton sunan ne saboda..."

Ta tsaya. Na ga wasan ya gushe daga fuskarta.

"Ƙarfe!" Wattie ya daka tsawa. "Ƙarfe mai sanyi!"

Ya damƙi sarƙar anga, ƙarfen tsayar da jirgi. Alick ya saki littafin ya kama ƙugiya. Mazan jiragen da ke kusa, waɗanda suka ji da waɗanda ba su ji ba, kowa ya kai hannu kan ƙarfen da ya fi kusa da shi. Ni ma sai na tsinci tafina a kan turken da ake ɗaure jirgi, ban san lokacin da na sunkuya ba. Rhona ta janye ƙafarta a hankali, tana duban babanta.

Wattie ya shiga ciki ya fito da jakarsa, ya hau tsani.

"Ina za ka?" in ji Dod.

"Gida. In ruwa ya juya ka aiko a kira ni."

"Wattie, karatu take yi. Ba da mu take ba."

"Teku ya san karatu? Ƙafarta a kan jirgi take, Dod, da idona na gani. Ni na binne isassun mutane."

Da a nan aka tsaya da an jira ruwan yamma, an yi mata tsiya kwana biyu, an manta. Amma wani daga jirgin baya, har yau ban san ko wane ne ba, ya ce da 'yar dariya, "To, mun samu sabuwar Nan ke nan."

Nan Slater tsohuwa ce a saman layinmu. Tana budurwa, wata safiya ta tambayi wasu masunta ina za su, abin da ba a yi, jirgin kuma bai dawo ba. Tun daga ranar duk masuncin da ya haɗu da ita a hanyarsa ta zuwa tasha sai ya juya gida ya sake fitowa, wai ƙafarta ba ta da kyau. Ba mai zaginta. Ana gaishe ta, ana kai mata kifi. Amma ba ta yi aure ba, ba a ba ta jariri ta riƙe, kuma ba ta fita sayen burodi sai jirage sun gama tashi. Ina yarinya ni ma na tsallaka titi saboda ita. Da na ji an haɗa sunanta da na 'yata, sai na tsorata, don na san garin nan: in ya liƙa maka abu, da shi za a kai ka tudun coci.

Dod ba mai magana ba ne, amma na ga kunnuwansa sun yi ja. Ya dubi Rhona, ya dubi mazan da ke jere a bangon tasha, sannan ya ce, "Alick, kwance igiyar gaba."

Na matsa bakin bango na yi ƙasa da murya. "Dod, ka jira ruwan yamma. Me zai ragu a jikinka?"

"In na jira, Elspet, na yarda ke nan bakinta yana da dafi. Za su ce ubanta ma tsoronta yake ji. In na fita na dawo da kifi, magana ta mutu."

"In ba ka dawo ba fa?"

"Ki rufe bakinki ke ma," ya ce, ba da faɗa ba.

"Ba mai inji za ku tafi?"

"Ni na ja bakinta," in ji Alick, yana naɗe igiya, dariyar duk ta gudu daga fuskarsa. "Ni zan kula da injin. Farfesa, ɗauki littafinki, kar ki makara."

Suka fita su biyu. Rhona ta tsaya da littafin a ƙirji har suka wuce fitilar bakin tasha, sai da na tura ta kafin ta tafi wurin mota.

A rumfa ranar ba wadda ta ce mini uffan kan maganar, da haka na gane kowa ya ji. Muna ta yankan kifi. Kafin tsakar rana iska ta juya ta koma arewa, kwanon rufi ya fara kaɗawa. Na yanke yatsa ban ji ba sai da na ga jini a kan allo. Na yi ta gaya wa kaina cewa iskar bazara ce, kowace shekara ana yin ta, mai ba da labarin yanayi ma ya ce ƙila ta taso. Duk da haka duk lokacin da aka buɗe ƙofa sai na leƙa teku, kuma duk leƙawa ya fi na baya fari.

Da la'asar jirage suka fara shigowa a guje, ɗaya bayan ɗaya, ruwa yana zuba daga bayansu. Na tsaya a bakin rumfa ina duban launin kowanne. Namu shuɗi ne. Ba shuɗi.

A gidan kowane masunci akwai rediyon da ke kama maganar jirage. Al'adar Dod ce, lokacin shan shayin yamma, ya ɗauki abin magana ya ce, "Mutanen gida, muna nan lafiya," ya ajiye. Iyakarta ke nan, bai taɓa ƙara ko kalma ba. Na kunna rediyon na zauna. Rhona ta dawo daga makaranta ta zauna a kan matakala da rigar ruwanta a jiki. A mota, ta ce, ba wanda ya zauna kusa da ita.

Lokacin shayi ya zo ya wuce. Sai ƙarar iska a rediyo, da muryar wani mai jirgi yana kira, "Dod, Dod, kana ji na?" Ya yi shiru ya sake kira. Na san muryoyinsu duka, na kuma san yadda suke kira in suna tsammanin amsa da yadda suke kira in sun daina tsammani.

Chrissie matar Alick ta shigo ba sallama, da jaririnta a kafaɗa. Ta ce ba za ta iya saurare ita kaɗai ba. Rhona ta tashi ta haɗa mata shayi yadda take so, da madara mai yawa, ta miƙa mata. Chrissie ba ta karɓa ba, ba ta kuma ce a'a ba, ta dai ci gaba da jijjiga yaron tana duban rediyo. Rhona ta ajiye kofin a tebur. A wurin ya zauna har ya yi sanyi, ni kuwa ina kallonsa ina jin tsoro iri biyu suna cin juna a cikina. Ina tsoron rasa miji, amma matan garin nan da yawa sun rasa sun rayu. Abin da ban san yadda ake rayuwa da shi ba shi ne a ce 'yarki ce ta kashe ubanta da baffanta, kuma ita kanta ta yarda.

Wattie ya zo ya tsaya a ƙofa yana murza hula. Ya ce jirgin ceto ya fita neman su.

"Da ka bi su," na ce. "In injin ne ya mutu, wa zai tada shi? Alick? Alick ko agogo bai iya ɗaurawa ba."

"Da ba ta faɗa ba," in ji shi.

"Fita mini daga gida, Wattie."

Ya fita. Tsoho ne mai kirki, shi ya koya wa Rhona ɗaurin igiya tana 'yar ƙarama, kuma kuka yake yi da ya juya. Ban damu ba.

A lokacin bazara rana ba ta saurin faɗuwa, don haka da sauran haske lokacin da Chrissie, wadda ta koma bakin taga, ta yi wani irin sauti a maƙogwaro. Na je na duba. Fasto ne yake hawowa layinmu daga tasha, da baƙar rigarsa, iska tana kaɗa ta. A garinmu in teku ya ci mutum, shi ake aika ya faɗa. Ƙofofi suka fara buɗewa a bayansa, mata suna leƙowa su ga gidan da zai tsaya. Ya wuce gidan Mair mai jirgi. Ya wuce shagon burodi. Ya zo daidai ƙofar Chrissie ya ɗan rage tafiya, ya ga ba haske, ya ci gaba. Na dafa bango. Chrissie ta matse jaririn har ya tsala ihu.

Ya ƙwanƙwasa. Ba wadda ta motsa a cikinmu. Rhona ce ta je ta buɗe.

"Ba labari," ya ce da sauri da ya ga fuskokinmu. "Ba wani labari, Misis Cowie. Na zo ne kawai in zauna da ku."

"To wata rana," na ce, "in ba labari ka kawo ba, ka riƙa ɗaga hannu tun daga ƙasan layi. Ka kusa kashe mata biyu."

Sabon zuwa ne, yaro ne ma, ya yi ta ba da haƙuri. Ya yi addu'a ya tafi. Daren nan ba zan ba da labarinsa ba, don ba abin da ya faru a cikinsa sai iska.

Da gari ya fara wayewa Chrissie ta ɓingire a kujera da yaron. Na shiga kicin na tarar da Rhona a tebur, littafin a buɗe a gabanta. Na yi niyyar fizge shi in cusa a murhu.

"Mama," ta ce a hankali, "kin san abin da na rubuta a kan kalmar ajiye?"

"Ba yanzu ba, Rhona."

"Na rubuta cewa ba ta ce teku yana cinye maza ba, ko yana ƙwace su, ta ce yana ajiye su. Abin ajiya kuwa ana dawo da shi. Na ce kalmar tana nuna matar tana da sauran fata. Malama ta ba ni cikakken maki, har ta karanta wa aji."

"To ai daidai ne."

"Ba daidai ba ne. Ki duba na ƙasa. Mu muna ajiye masa yara. Kalma ɗaya ta yi amfani da ita duka biyu. Shi ba ya dawo da nasa, ta sani, kaburbura ba kowa a ciki. Amma ita za ta ba da nata, ta san da wannan ma. Tana ba yaro nono tana sane na wani ne take riƙewa." Ta waiga wajen ɗakin da jaririn Chrissie ke barci. "Ba fata a ciki ko kaɗan. Tsoro ne ya yi mata yawa har ta zaɓi kalma mai laushi don ta iya faɗa. Shi ya sa ba ta ambaci dabbar ba. Ba ado ba ne, Mama. Tana da miji a teku lokacin da take rubutawa."

Gaskiya ta faɗa, kuma na fi shekara arba'in ina jin waƙar ban taɓa son in dube ta kusa haka ba.

"Kin yarda ni ce?" ta ce.

"Kar ki zama sakarya. Iska ce. Tun kafin a haife ki ake iska."

"To me ya sa kike riƙe da wannan?"

Na duba. Hannuna yana kan sandar ƙarfen murhu, na damƙe ta har yatsuna sun yi fari. Na saki, na ce zafi nake ji, alhali wutar ta mutu tun tuni.

Can sai muka ji gudu a layi, wani yana ihu yana dukan ƙofofi. "Ana janyo su! Jirgin ceto yana janyo su!"

Muka fita yadda muke, ni da silifas, Chrissie da yaron a bargo. Garin duka ya riga mu tasha. Iska ta ragu amma teku yana nan yana tashi yana faɗuwa. Jirgin ceto ya shigo a hankali, bayansa igiya, bayan igiyar shuɗin jirginmu a karkace, gilashin ɗakin tuƙi babu, sandar rediyo babu.

Mutum ɗaya ne a tsaye a kansa.

Ɗaya tak, cikin rigar ruwa ruwan ɗorawa, hula ta rufe fuska. Dod da Alick tsawonsu ɗaya, faɗinsu ɗaya, daga nesa uwarsu ma ba ta bambanta su. Chrissie ta kama hannuna, farcenta ya shiga namana. Na buɗe baki zan roƙi Allah na rasa abin da zan roƙa. In Dod ne, na samu miji, amma matar da ke riƙe da hannuna za ta dubi 'yata kullum har ta mutu. In Alick ne, na rasa duka. Rhona tana gefena ba ta ko numfashi. Mutane sun bar fili kewaye da ita, ba mai yawa ba, kamar faɗin tebur.

Mutumin ya ɗaga kai ya jefo igiya da hannun hagu. Alick bahago ne. Chrissie ta sake ni ta durƙushe a kan duwatsu tana kuka, ni kuwa duniya ta yi mini shiru.

"Yana ciki!" Alick ya ƙwala, muryarsa a dishe. "Elspet! Yana ciki a kwance, yana zagin kowa!"

Igiyar ruwa ce ta fasa ɗakin tuƙi tun jiya da rana, ta maka Dod da bango, ta karya masa ƙafa da haƙarƙari, ta tafi da rediyo. Ruwa ya shiga inji ya mutu. Alick ya ɗaure ɗan'uwansa a gado, ya kwana yana kwarfar ruwa da bokiti shi kaɗai. Da aka fito da Dod a gadon ɗaukar majinyata fuskarsa kamar toka, amma idonsa a buɗe, yana neman wani a cikin taron.

"Ina Rhona? Rhona! Zo nan."

Ta zo. Ya kama hannunta ya ɗaga sama yadda kowa zai gani, duk da na san ɗagawar tana yanka shi.

"Ku duba da kyau," ya ce. "Mun fita mu biyu, mun dawo mu biyu. Akwai mai magana?"

Ba mai magana. Wani ya yi dariya, wata tsohuwa ta rungume Rhona, Wattie ya sauka cikin jirgin yana faɗa da injin kamar ɗansa. Chrissie ma ta taɓa kafaɗarta da za ta wuce. Na bi motar asibiti ina kuka ina dariya, ina cewa a raina Dod ya yi gaskiya, ya saye mata sunanta da ƙafarsa, magana ta mutu.

Litinin da ta biyo, Dod yana asibiti, jirginmu yana wurin gyara, Alick ya samu gurbi a jirgin Mair. Safiya ce mai kyau. Na fito bakin ƙofa ina kakkaɓe tabarmar ƙafa, Rhona ta wuce ni da jakarta za ta gangara wurin mota. Ta yi 'yar rama a makon, amma ta fara cin abinci, har ta yi mini tsiya a kan kunun safe.

Tana kaiwa tsakiyar layi ƙofar Alick ta buɗe, ya fito da jakar teku a kafaɗa da takalman ruwa. Ya ja ƙofar, ya juyo, suka yi ido huɗu. Ba kowa a layin sai su biyu, sai ni daga sama.

"Ina kwana, Baffa," in ji Rhona.

"Lafiya lau, 'yata. Lafiya lau."

Ya tsaya. Ya dubi teku can ƙasa, ya dubi takalmansa. Na ga yana ƙoƙari, na rantse na gani, har ya ɗaga ƙafa ɗaya zai taka. Sai ya shafa aljihun ƙirjinsa.

"Kash," ya ce. "Na manta tabata."

Ya juya ya koma ciki, ya rufe ƙofar a hankali don kar ta yi ƙara.

Alick ba ya shan taba, kuma Rhona ta sani.